Sayen gida da zama a ƙauyen Ingila: tambayoyi da amsoshi

Aikin asibiti da na gidajen kula da tsofaffi ya kai 'yan uwanmu da dama wasu garuruwan Ingila da ba su taɓa jin sunansu ba. Wanda haya ta isa, ya kuma leƙa ƙauyukan da ke kewaye da shi ya ga sun yi shar, dole ya fara tambaya. Yawancin misalan nan daga yankin Cotswolds ne, yamma da Oxford.

Ba a ƙauye gida ya fi araha ba?

A Ingila sau da yawa abin a juye yake. Mai hali ne ke barin Landan ya koma ƙauye, ko ya yi ritaya a can, ko ya sayi gida na biyu don hutun ƙarshen mako. A Bibury ko Bourton-on-the-Water, ɗan tsukukun gidan dutse mai ɗaki biyu zai iya fin mai ɗaki uku a cikin birnin Gloucester tsada. Doka ba ta bari a yi ta gini a karkara yadda aka ga dama, kuma tun 1966 aka sa Cotswolds cikin yankunan da ake karewa saboda kyansu. Gidajen kaɗan ne, masu so kuwa ba iyaka, har 'ya'yan ƙauyen da dama kan kasa saye a mahaifarsu. Mai neman araha sai ya nausa arewa, irin ƙauyukan Lincolnshire ko tsofaffin ƙauyukan haƙar kwal na yankin Durham.

Baƙo zai iya saye?

Zai iya, amma gida ba ya ba shi biza ko takardar zama. Inda ake tuntuɓe shi ne haraji. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Afrilun 2025, gidan fam 350,000 harajin sayensa fam 7,500 ne, wanda bai taɓa mallakar gida ba kuma 2,500 zai biya. Sai dai "bai taɓa mallaka ba" ɗin nan duk duniya ake nufi. In kana da gida a Kano ko Zinder, ko da na gado ne, rangwamen ya wuce ka. In darajar kasonka ta kai fam 40,000 kuwa, yawanci za a ɗauki sabon a matsayin gida na biyu, a ƙara maka kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan gaba ɗaya. Wanda ba mazaunin ƙasar ba akwai ƙarin kashi 2 a kansa. Lauya kuma sai ya ga asalin kowane fam, don haka kuɗin da yaya ya turo daga gida a tanadi takardunsa tun wuri.

Yaya cinikin yake?

Ka ga gida a shafukan intanet na tallan gidaje irin Rightmove ko Zoopla, ka taya ta hannun dillali. Ka riƙa tuna cewa mai gida ne ke biyansa la'ada, don haka ba naka ba ne. Ko an ce an sallama, ciniki bai faɗa ba sai ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun yarjejeniya, aka ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100. Kafin wannan rana mai gida na iya sayar wa wanda ya fi ka tayi, kuɗin da ka kashe wa lauya da mai duba gini kuma sun tafi ke nan. Wata uku zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne.

Me ya sa ake ta gargaɗi a kan tsohon gida?

Nan ne kuɗi ke zurarewa. Gidajen ƙauye da yawa suna cikin rajistar gine-ginen tarihi. Kusan duk ginin da ya girmi shekarar 1700 kuma bai sauya kama ba yana ciki. Gidan naka ne, amma ba za ka sauya taga, ka rushe bangon ciki ko ka cire tsohon murhu ba sai da izinin ƙaramar hukuma. Yin haka ba izini laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Abin haushin ma, in mai gidan da ya gabace ka ne ya yi gyaran ba izini, kai za a iya tilasta wa mayar da shi yadda yake.

Sai rufin ciyawa. Jinkar da a wurinmu ake ɗokin cirewa a sa kwano, a can abin alfahari ce, masu yin ta kaɗan ne, kuɗinsu kuma ba sauƙi. Ƙoƙuwar rufin kan so sabuntawa duk shekara 10 zuwa 15, inshora ta fi tsada saboda gobara, ga sharar bututun hayaƙi a kai a kai. A Devon har gidajen ginin ƙasa da aka kwaɓa da kara ake sayarwa da daraja. Irin waɗannan bangaye, da na dutse, yaɓen farar ƙasa suke so. In aka shafe su da siminti danshi ya maƙale a ciki, bango ya fara ruɓewa a ɓoye. A ganina wanda ya tsallake cikakken binciken masanin gini don ya rage 'yan ɗaruruwan fam, arahar da ba ta ado ya saya.

Ruwa da ɗumama ɗaki fa?

Ƙauyuka da yawa bututun gas bai kai su ba. Za ka ga tanki a bayan gida, motar kananzir ta zo ta cika shi, farashi kuma na hawa daidai lokacin sanyi. Wasu gidajen sokawe gare su, kai za ka kira a kwashe, kuma tun 2020 an hana wanda ke zubarwa kai tsaye cikin rafi. Ka duba taswirar ambaliya ta hukumar muhalli: a hunturun 2013 zuwa 2014 ruwa ya yanke ƙauyen Muchelney na Somerset har sai da kwalekwale ake shiga. Ka kuma tambayi lauya ko hanyar ƙafa ta jama'a ta ratsa filin, don in ta ratsa ba ka da ikon toshe ta.

Wanda ba ya son kuɗin ruwa fa?

Akwai tsarin musharaka, irin na bankin Gatehouse: ku sayi gidan tare, kana biyan hayar kason banki kana kuma saye shi kaɗan-kaɗan. Masu yin sa ba su da yawa, kuma sau da yawa ya ɗan fi bashin banki na yau da kullum tsada.

Zaman kansa yaya yake ga irinmu?

Ba mota, ba zama. Wani ƙauyen bas ba ta shiga sai sau biyu ko uku a yini, wani ma ko kanti babu, sai coci da mashaya da zauren taro. Juma'a da naman halal sai an je Gloucester, Swindon, Banbury ko Oxford, Islamiyyar yara ma haka. Mutanen na gaisuwa a hanya fiye da 'yan Landan, amma ba a faɗa wa gidan maƙwabci ba sanarwa, kuma mai yiwuwa ku kaɗai ne baƙar fata a makarantar yara. Wanda ya shiga aikin gayya na zauren taro ko bikin bazara na ƙauye ya fi saurin samun mutane.

To a saya ko a dakata?

A fara kama haya a yi hunturu guda. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ƙauyuka da yawa ba fitilun titi, hanyoyin kuma siraran da mota biyu ba sa wucewa tare. Mai aikin dare a asibiti, ga yara ƙanana, zai fi samun sauƙi a ƙaramin gari mai kasuwa irin Cirencester, ko Moreton-in-Marsh da ke da tashar jirgin ƙasa zuwa Oxford da Landan.