"A rana mai kamar ta yau": tambayoyi da amsoshi kan kalandar Jimmy Page

Masoya kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970 suna da wata al'ada. Gari na wayewa sai ka ji wani ya ce, a rana mai kamar ta yau makaɗi wane ya hau dandamali a gari kaza, ko ya shiga situdiyo ya yi wa mawaƙi wane kiɗa. Cikin waɗanda aka fi bin diddigin ranakunsu akwai Jimmy Page, makaɗin jita na ƙungiyar Led Zeppelin. Ga wasu tambayoyi da wanda bai saba da abin ba zai iya yi.

Wane ne Jimmy Page, kuma me ake nufi da ranakunsa?

An haife shi ranar 9 ga Janairu 1944 a Heston, yammacin Landan, ya tashi a Epsom. Tun yana ɗan makaranta ya fito a wani shirin yara na talabijin ɗin BBC riƙe da jita. Ya yi aikin makaɗin haya a situdiyoyin Landan, ya shiga ƙungiyar Yardbirds a 1966, sannan ya kafa Led Zeppelin a 1968 tare da Robert Plant mai waƙa, John Paul Jones mai jitar bes, da John Bonham mai ganguna.

Abin da ake yi shi ne a ɗauki kwanan wata guda, a ce 9 ga Janairu, a tattaro duk abin da ya yi a wannan rana cikin shekaru daban-daban. Ranar haihuwarsa ce, kuma a ranar ce a 1970 ya yi wasa a zauren Royal Albert Hall na Landan, daidai lokacin da ya cika shekara 26. Tun 2011 shi da kansa yake fitar da irin waɗannan gajerun bayanai na kullum, da hoto da abin da ya tuna. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Me ya sa ranakunsa suka fi na sauran makaɗa cika?

Saboda rayuwa biyu ya yi a sana'ar. Yawancin taurari daga kulob suke tashi su zama sanannu, shi kuwa sai da ya yi kusan shekara uku yana yi wa wasu kiɗa kafin jama'a su san fuskarsa. Don haka kusan kowace rana ta shekara tana da abin da za a rataya mata: in ba wasa a gaban dubban mutane ba, to aikin safe a wani situdiyo.

Ni wannan rabin na farko ne ya fi jan hankalina. Idan ka bi kalandar rana bayan rana, kafin ka ga tauraro sai ka fara ganin ma'aikaci mai sammako da jakar jita a hannu.

Yaya aikin makaɗin haya yake a Landan ta wancan zamani?

Kamfanin faifai ya kawo sabon mawaƙi, ko ƙungiyar samari da hannunsu bai faɗa ba. Lokacin situdiyo kuɗi ne, ba a son a yi ta maimaitawa. Sai a kira ƙwararru a biya su ladan zama ɗaya. Zama guda awa uku ne a ƙa'idar ƙungiyar makaɗa, kuma wanda ake rububinsa kan yi uku a yini: na hantsi, na bayan azahar, da na dare, sau da yawa a situdiyo uku daban-daban. Ka shigo, a ajiye maka takarda a gabanka, jan fitila ta kama, ka buga. Wani lokaci sai mawaƙin ya shigo kafin ka san wa za ka yi wa aiki. In ka cika yin kuskure ba wanda zai yi maka faɗa, gobe dai ba za a kira ka ba.

Page ya shiga harkar bai iya karanta rubutun kiɗa sosai ba, a bakin aiki ya koya. Akwai wani babban makaɗin jita da ya riga shi, Big Jim Sullivan, don haka shi aka riƙa ce masa ƙaramin Jim. Ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne faifan "Diamonds" na Jet Harris da Tony Meehan, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a farkon 1963. A 1964 yana cikin makaɗan "Downtown" ta Petula Clark, ya kuma yi aiki da furodusa Shel Talmy a faya-fayan farko na Kinks da The Who. Daga baya ya buga wa Donovan da Joe Cocker.

Ana biyansa da kyau, wannan ba a musu. Suna ne ba a ba shi. Faifai ya fito da hoton mawaƙi, wanda ya yi kiɗan kuwa ko a bayan kwali ba a ambace shi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar yabo. Shi ya yi sa'a ya zama sananne har aka koma ana tono ayyukansa, amma waɗanda suka zauna kujera ɗaya da shi a ɗakunan nan, da yawansu har yau ba mai tuna ranarsu.

In ba a rubuta sunansa ba, ta yaya aka san yana wurin?

Nan ne gizo yake saƙar. Ana dogara da takardun kamfanoni, da rubutun da ke jikin kwalin tef, da abin da furodusoshi da sauran makaɗa suka tuna. Mutumin da ya yi zama uku a yini na tsawon shekaru ba zai riƙe kowanne a ka ba, shi ya sa gardama ba ta ƙarewa.

An daɗe ana yaɗa cewa shi ya buga jitar nan mai ƙara ta tsakiyar "You Really Got Me" ta Kinks. Dave Davies ne ya buga abinsa, kuma Page da bakinsa ya ce ba shi ba ne. A kan "Hurdy Gurdy Man" ta Donovan kuwa har yau baki bai zo ɗaya ba: wasu sun ce Page, shi kuma John Paul Jones, wanda ya tsara kiɗan, ya ce Alan Parker ne. Abin da ke faruwa shi ne idan mutum ya yi suna, sai a riƙa jingina masa duk wani kiɗa mai daɗi na zamaninsa, a ƙwace wa mai shi. Mai tattara ranaku na ƙwarai shi ne wanda ya iya cire abu daga jerin in hujja ta nuna ba haka ba ne, ko da labarin ya fi daɗi da shi a ciki.

Wace rana ce ya bar aikin haya?

A 1965 da Eric Clapton ya bar Yardbirds an nemi Page ya maye gurbinsa, ya ƙi, ya nuna musu abokinsa na ƙuruciya Jeff Beck. Bayan shekara guda aikin situdiyo ya fara gundurarsa, domin an koma ba shi kiɗan da ake sakawa a shaguna don cika shiru. Da mai jitar bes na Yardbirds, Paul Samwell-Smith, ya fita, sai Page ya ce zai riƙe musu. Ranar 21 ga Yuni 1966 ya fara wasa da su a kulob ɗin Marquee na Landan, da jitar bes a hannu, ba irin wadda aka san shi da ita ba.

Rana ta biyu ita ce 7 ga Satumba 1968. Yardbirds ta watse, amma akwai alkawarin wasanni a ƙasashen arewacin Turai da ba a cika ba. Page ya haɗa sababbin mutum uku suka tafi da tsohon sunan, su ne suka zama Led Zeppelin. Wasansu na farko a ɗakin motsa jiki na wata makaranta aka yi shi, a Gladsaxe kusa da Kwapanhagan, gaban 'yan makaranta, kuma a daren suka wuce Brøndby suka yi na biyu. Wani matashi mai suna Jørgen Angel ya ɗauki hotuna, suna cikin shaidar da ta rage. Ba a cika wata huɗu ba, ranar 26 ga Disamba, suna Denver a wasansu na farko a Amurka, su ne masu share fage.

Ranakun dandamali fa, duk tabbatattu ne?

Galibinsu. Akwai tikiti, akwai fasta, akwai tallar jarida. Akwai kuma kaset ɗin da 'yan kallo suka naɗa a ɓoye, duk da cewa manajan ƙungiyar, Peter Grant, ba ya ga-maciji da masu wannan sana'a. Wani mai suna Mike Millard a Los Angeles a cikin keken guragu yake ɓoye rikodarsa, kuma naɗin da ya yi ranar 21 ga Yuni 1977 na cikin waɗanda masoya suka fi daraja. Da irin waɗannan ne ake sanin abin da aka buga a daren kaza da tsawon da ya ɗauka, domin Led Zeppelin ba sa buga waƙa da salo iri ɗaya dare biyu. Abin da yake minti shida a faifai yana iya kai rabin awa a dandamali, Page yana goga wa jita bakan goge. Wannan ne ainihin abin da ya sa kwanan wata yake da daraja a wurin masoyansu: kowane dare kiɗansa daban.

Duk da haka akwai masu duhu. Wasu mazauna Wheaton a jihar Maryland sun dage cewa ƙungiyar ta yi wasa a wata cibiyar matasa ta garinsu ranar 20 ga Janairu 1969, ranar da aka rantsar da Shugaba Nixon, gaban mutum hamsin da 'yan kai. Babu tikiti, babu hoto, sai shaidar baki.

Waɗanne ranaku ne aka fi tunawa?

Masu son alƙaluma suna riƙe da 5 ga Mayu 1973 a Tampa, inda mutum 56,800 suka taru aka karya tarihin da Beatles suka kafa a 1965, da 30 ga Afrilu 1977 a Pontiac, mutum 76,229.

Ni kuwa 5 ga Maris 1971 na fi so. A Ulster Hall ne, cikin Belfast, a lokacin da rikicin Ireland ta Arewa ya sa makaɗa da yawa suna kauce wa garin. A daren ne aka fara buga "Stairway to Heaven" a gaban jama'a. Waƙar tana buƙatar jita mai tsirkiya shida a wani wuri, mai goma sha biyu a wani, kuma ba damar tsayawa a sauya. Sai Page ya fito da jita mai wuya biyu ta kamfanin Gibson, hannunsa yana sauka daga wannan wuya zuwa wancan. John Paul Jones ya ba da labari daga baya cewa 'yan kallo ƙosawa suka yi, suna jiran a buga musu abin da suka sani. Faifan da waƙar take ciki bai fito ba sai 8 ga Nuwamba, wata takwas bayan nan. Mutanen da ke zauren ba su san me suke ji ba, kuma da ba don an riƙe kwanan watan ba, da ba mai tuna cewa haka waƙar ta fara.

Ana tuna ranakun da ba su yi daɗi ba?

Ana tunawa, kuma ya kamata. Ranar 5 ga Yuli 1971 a Milan 'yan sanda suka cika filin wasa da barkonon tsohuwa, wasa ya watse, ƙungiyar ba ta sake komawa Italiya ba. Ranar 24 ga Yuli 1977 suka yi wasa a Oakland, bayan kwana biyu labari ya iske Robert Plant cewa ɗansa Karac mai shekara biyar ya rasu. Aka soke sauran rangadin, kuma su huɗun ba su ƙara wasa a Amurka ba. Wasansu na ƙarshe a Balin aka yi shi ranar 7 ga Yuli 1980. Ranar 25 ga Satumba John Bonham ya mutu a gidan Page da ke kusa da Windsor, yana da shekara 32. Ranar 4 ga Disamba sauran ukun suka sanar cewa ba za su ci gaba ba shi.

Bayan 1980 kalandar ta tsaya ke nan?

Ba ta tsaya ba, ta dai yi sirara. A Satumbar 1983 ya hau dandamali ɗaya da Clapton da Beck a wani wasan neman taimako a Royal Albert Hall. A Agustan 1994 shi da Plant suka je Marrakesh ta Maroko suka zauna da makaɗan Gnawa. Gnawa jikokin mutanen da aka kwasa ne daga kudancin Sahara, kuma a cikin waƙoƙinsu har yau suna ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Ranar 10 ga Disamba 2007 sauran ukun suka haɗu a zauren O2 na Landan don tunawa da Ahmet Ertegun na kamfanin faifai na Atlantic, Jason ɗan Bonham yana kan gangunan mahaifinsa. Ranar 24 ga Agusta 2008 Page ya buga jita a kan wata jar bas a bikin rufe gasar Olamfik ta Beijin.

Daga nan fitowarsa ta yi wuya ƙwarai. Ranar 3 ga Nuwamba 2023, yana da shekara 79, ya fito ba zato a wani bikin karrama makaɗa a Brooklyn da jitar nan mai wuya biyu. Ba kiɗansa ya buga ba. "Rumble" ya buga, kiɗan Link Wray na 1958, wanda ya ji yana yaro a Epsom kafin kowa ya taɓa biyansa ko sisi don ya riƙe jita.