Ƙaramar Hukuma a Jihar Katsina: Tsari da Yanke Shawara

Ƙaramar hukuma ita ce mataki na uku na mulki a Najeriya. Akwai 774 a faɗin ƙasa, 34 daga ciki a Jihar Katsina. Tsarin ya samo asali ne daga garambawul ɗin 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta, amma ya bar wa majalisar dokokin jiha tsara yadda za ta gudana. Zaɓen ma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi.

Ɓangaren zartarwa yana hannun ciyaman, da mataimakinsa, da sakatare, da kansilolin gudanarwa waɗanda naɗa su ake yi. Ɓangaren dokoki kuwa na zaɓaɓɓun kansiloli ne, ɗaya daga kowace mazaɓa. Daura, alal misali, tana da mazaɓu 11, irin su Kusugu, Sarkin Yara, Mazoji da Ubandawaki. Kansiloli ne ke zaɓen shugaban majalisa daga cikinsu, akawun majalisa kuma ma'aikacin gwamnati ne mai rubuta abin da aka zartar. Ƙarƙashin waɗannan akwai sassan mulki, kuɗi, ayyuka, noma, lafiya da ilimi. Manyan ma'aikata, daga matakin albashi na 7 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗaukarsu tana yi musu canjin wurin aiki, don haka ciyaman ba shi da ikon korar ma'ajinsa.

Ga yadda buƙata ke tafiya. A ce famfon tuƙa-tuƙa ya lalace a wata unguwa. Mai unguwa ko kansila ya kai koke, sashen da abin ya shafa ya tura ma'aikaci ya duba ya yi ƙiyasi, shugaban sashe ya rubuta takarda zuwa kwamitin kuɗi da ciyaman ke shugabanta. In kasafin shekara ya tanadi kuɗin, sai a amince, ma'aji ya shirya baucar biya, mai binciken kuɗi na cikin gida ya duba kafin a fitar da ko sisi. In babu shi a kasafi, dole a koma wa kansiloli da ƙaramin kasafi. A nan fayil ya fi yin barci: ko ƙiyasin ya tsufa farashin kaya ya tashi, ko aikin ya zarce adadin da ciyaman ke da hurumin amincewa, sai an jira sahalewar ma'aikatar ƙananan hukumomi a Katsina.

Dokokin kasuwa, tasha, mayanka da kwashe shara, kansiloli ke muhawara a kansu su kaɗa ƙuri'a, ciyaman ya sa hannu. Hakimai da magaddai ba su da ƙuri'a, sai dai da wuya a raba rumfunan kasuwa ko a shata burtali ba da saninsu ba.

Kuɗi shi ne ƙashin bayan komai. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, amma Sashe na 162 ya bi da kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha, inda akan cire albashin malaman firamare, fansho da kason masarautu kafin ragowar ta iso. Abin da ake tarawa a gida kaɗan ne, musamman tun da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979. Ƙaramar hukuma mai babbar kasuwar dabbobi irin Mai'adua ta fi maƙwabtanta samun na kashewa. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi.