Farcen da ya yi kauri yana marmashewa: wane maganin gida ne ke taimako, wanne ke ƙara ɓarna

Salamu alaikum 'yan uwa na Garwa da kewaye. Maganar farce ce yau, wanda zaka ga ya yi kauri ya koma ɗorawa ko ruwan ƙasa, in ka zo yankewa sai ya dinga marmashewa, wani ma ya ɗaga daga nama. Yawanci ƙwayar cuta ce dangin mai kawo makero da cin ruwa, danshi take so, shi ya sa muka fi ganinsa wajen masunta na Lagdo, mata masu wanki a bakin Binuwai, manoman shinkafa irin na Yagwa, da masu wuni cikin takalmin roba ko sau ciki.

Toh abin da nake so ku gane, ƙwayar nan a ƙarƙashin farcen take zaune, abin da ka shafa a sama da ƙyar yake kai mata. Jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri ko ruwan ganyen darbejiya ba laifi, farce zai yi laushi ka yanke shi cikin sauƙi, amma kar a ɗauka an warke. Lalle kuma iyayenmu mata sun yarda da shi sosai, ni dai matsalata da shi yana rufe launin farcen, ciwo na ci a ciki ke kina ganin ja mai kyau, in kin zo asibiti ma ba ma iya ganin komai. Haka jan farce.

Waɗanda nake roƙo don Allah a bari su ne ruwan batir, javel (ruwan farantar da tufafi), kalanzir, da ɗaure dakakkiyar tafarnuwa a yatsa a kwana da ita. Tafarnuwa tana ƙona fata wallahi, ta bar gyambo. Mai ciwon suga kuwa ko kusa kar ya gwada, ƙaramin rauni a yatsa kan kai shi ga yanke ƙafa. Man shafawan nan na masu tallan magani a kasuwa mai betamethasone a ciki, ƙaiƙayi zai lafa amma ƙwayar ƙara yaɗuwa take yi.

Kuma fa ba kowane lalataccen farce ne wannan ciwon ba, wani bugewa ne ko matsin takalmi, shi ya sa akan kankari farcen a kai gwaji. In an tabbatar, akwai ƙwayar magani ta sha mai suna terbinafine, sati 6 na farcen hannu, sati 12 na ƙafa, likita ne zai rubuta don tana iya taɓa hanta, mai ciki ko shayarwa ko ciwon hanta ta faɗa tun farko. Farcen ƙafa sai ya yi shekara ko shekara da rabi kafin sabo ya gama fitowa, a nan mutane ke karaya su ce magani bai yi ba, alhali tsohon farcen ba ya gyaruwa, sabon da ke tsirowa daga tushe shi za a duba.

Bayan alwala ko wanka a goge tsakanin yatsu su bushe, a shanya takalmi a rana, a canja safa kullum, cin ruwa a yi maganinsa da wuri tun bai hau farce ba. Masu ba wa ɗan yawo yankan farce, ku riƙe rezarku ko almakashinku, banda wannan ciwon akwai ciwon hanta B da ke bin ƙarfe mai jini. In yatsa ya kumbura ya yi ja ko yana fid da ruwa, ranar a zo asibiti.