Sarrafa Makamashi a Tsokar Yara da ta Manya Lokacin Motsa Jiki

Tsokar ɗan Adam ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP, kuma abin da tsoka ke ajiye da shi na wannan sinadari kaɗan ne ƙwarai, bai wuce na daƙiƙoƙi ƙalilan na aiki mai tsanani ba. Saboda haka jiki yana sabunta shi ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce ajiyar wani sinadari mai suna fosfokiretin da ke cikin tsoka, wadda take ɗaukar gudu mai ƙarfi na kamar daƙiƙa 10. Ta biyu ita ce farfasa gilaikojin, wato sukarin da tsoka ke ajiyewa, ba tare da iskar oksijin ba, abin da ke haifar da wani sinadari mai suna laktet a cikin jini. Ta uku kuwa ita ce ƙona sukari da kitse da oksijin a cikin mitokondiriya, wato ƙananan sassan ƙwayoyin tsoka da ke samar da makamashi, hanyar da ba ta da gaggawa amma take daɗewa tana aiki. Yaro da babba duk suna da waɗannan hanyoyi uku, sai dai ba su dogara da su daidai wa daida ba.

Tushen ilmin wannan fanni ya samo asali ne daga ƙasar Suwidin a farkon shekarun 1970, lokacin da Bengt Eriksson da Bengt Saltin da abokan aikinsu suka ɗebi ƙananan gutsattsarin tsoka daga cinyoyin wasu yara maza domin awo. Sun tarar cewa yawan ATP a tsokar yaro yana kusa da na babba, amma gilaikojin ɗin yaro ya gaza na babba sosai, kuma yana ƙaruwa yayin da yaron ke girma. Haka nan wani enzayim, wato sinadari mai hanzarta aiki a jiki, da ake kira PFK, wanda ke saita saurin farfasa sukari ba da oksijin ba, aikinsa ya fi rauni a wurin yaran. Yaran da aka auna ba su da yawa, kuma yankar tsokar yaro lafiyayye abu ne da ƙa'idar bincike ta takaita matuƙa, don haka daga baya masana suka koma amfani da na'urar maganaɗisu wadda ke auna sinadaran tsoka ba tare da yanka ba. Awon da aka yi da ita ya nuna cewa bayan aiki mai tsanani tsamin da ke taruwa a tsokar yaro bai kai na babba ba, kuma fosfokiretin ɗinsa ya fi saurin komawa yadda yake.

A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Akwai wani gwaji da aka ƙirƙiro a Cibiyar Wingate ta ƙasar Isra'ila a shekarun 1970, inda mutum ke tuƙa keken awo da iyakar ƙarfinsa na daƙiƙa 30. A wannan gwaji ƙarfin yaro bai kai na babba ba, ko da an raba shi da nauyin jikinsa. Amma a wani bincike na 1993 da Helge Hebestreit da Oded Bar-Or suka yi, yara maza sun iya maimaita aikinsu na farko bayan hutun minti 2 kacal, alhali manya sun buƙaci kusan minti 10. A 2018 ma ƙungiyar Sébastien Ratel a Faransa ta gano cewa yaran da ba su balaga ba suna jure gajiya kuma suna farfaɗowa kusan kamar ƙwararrun 'yan tseren dogon zango. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon yara suna wasan ƙwallo ya san wannan hali: yaro zai zura da gudu, ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki, kafin babba ya gama mayar da numfashi shi har ya sake zurawa.

Dalilin haka shi ne tsokar yaro ta fi karkata ga amfani da oksijin. Jikinsa ya fi saurin ƙara shaƙar oksijin da zarar an fara aiki, bugun zuciyarsa ya fi saurin sauka bayan an tsaya, kuma a motsa jiki mai matsakaicin nauyi yana ƙona kitse fiye da yadda babba ke yi. Masana sun kuma kawo batun ƙanƙantar tsoka, wadda ke rage tazarar da oksijin ke bi daga jijiyar jini, da kuma cewa yaro ba ya iya tayar da zaren tsoka masu saurin aiki gaba ɗaya kamar babba.

Wannan bai nuna cewa yaro ya fi babba a dogon gudu ba, domin ƙafarsa gajera ce, takunsa ya fi yawa, kuma yana cin oksijin fiye da babba a kan kowane kilo idan suna gudu ɗaya. Gumin yaro ma bai kai na babba ba, abin da ya sa ba shi ruwa da inuwa a lokacin zafi ya zama wajibi ga mai horar da shi.

Da zuwan balaga al'amarin yana sauyawa. Tsoka tana ƙaruwa, musamman a wurin samari saboda sinadarin testosteron, laktet ɗin da jiki ke iya tarawa yana hauhawa, ƙarfin gudun gajeren zango yana ƙaruwa, yayin da saurin farfaɗowar nan na ƙuruciya ke raguwa sannu a hankali har ya koma irin na manya.