2,520 (lamba)

2,520, wato dubu biyu da ɗari biyar da ashirin, ita ce lamba mafi ƙanƙanta da kowace lamba daga 1 zuwa 10 ke raba ta ba tare da saura ba. Cika ce, ba mara ba. Idan aka warware ta zuwa lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu, za a sami 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7.

Lambobi 48 ne ke raba ta, kuma babu wata a ƙasa da ita da ta kai haka. 1,680 da 2,160 ne suka fi matsowa, kowacce da 40. Shi ya sa take cikin ajin lambobi masu yawan rabuwa, wanda Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, ya yi nazarinsa a 1915. Jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, 6,840 ce. Tun da jimillar ta zarce ta, ana lissafa ta cikin lambobi masu yalwa.

Ga ɗalibin ilimi a zaurukan Sakkwato, darajarta ta fi fitowa a wajen kaso. Malaman hisabi na Larabci sun san ta da cewa ita ce ke fitar da kaso tara gaba ɗaya: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri. Rabinta 1,260, subu'inta 360, sumuninta 315, tusu'inta 280. Zakka ma ta zauna daram a kanta. Ushirin hatsin damina 252 ne, rabin ushiri na wanda aka yi wa ban-ruwa da wahala 126, rubu'in ushiri na kuɗi kuwa 63. Asalan rabon gado bakwai, lambobin da ake gina lissafin kason magada a kansu, wato 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, duk suna shiga cikinta. A ganina babu lambar da ta fi ta dacewa da koya wa yaro kaso, domin kafin ya yi karo da saura, hannunsa ya riga ya faɗa.

Akwai labarin da ake jingina wa Sayyidina Ali, cewa an tambaye shi wannan lamba, sai ya ce a ninka kwanakin mako da kwanakin shekara. Lissafin yana fita idan aka ɗauki shekara a kwana 360, domin 7 × 360 = 2,520.

Tana da iyaka. Idan aka raba ta da 11, 1 ke saura. Haka 27, inda asalin 24 ke komawa in an yi auli (ƙara asali idan jimillar kason magada ta zarce shi), ba ta raba ta, saboda 3 sau biyu kawai ta shiga cikinta. Mai son lambar da 11 da 12 za su raba tare da sauran sai ya ninka ta sau 11, ya sami 27,720.