Tawayen 'Yan PDP a Zaɓen Shugaban Ƙasa na 2015

Tawayen 'yan PDP a zaɓen 2015 shi ne juya bayan da wani ɓangare na jagorori da magoya bayan jam'iyyar PDP suka yi wa ɗan takararsu, Shugaba Goodluck Jonathan, a zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na ranar 28 ga Maris 2015. Wasu sun fice daga jam'iyyar kafin zaɓe, wasu kuma sun zauna a cikinta amma suka dangwala wa Muhammadu Buhari na APC. Buhari ya samu ƙuri'a 15,424,921, Jonathan ya samu 12,853,162. Wannan ne karon farko a tarihin ƙasar da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe, kuma da shi ne mulkin PDP na shekara 16 ya ƙare, jam'iyyar da wani shugabanta, Vincent Ogbulafor, ya taɓa cewa za ta yi shekara sittin a kan mulki.

Kalmomin da ake amfani da su

A siyasar ƙasar Hausa ana rarrabe abubuwa uku. Sauya sheƙa shi ne mutum ya bar jam'iyyarsa a fili ya koma wata. Zagon ƙasa, wanda 'yan siyasa ke kira antifati, shi ne ya riƙe katin jam'iyya yana yi wa abokin hamayya aiki ta ƙarƙashin ƙasa. Wake da shinkafa kuwa na mai jefa ƙuri'a ne: ya zaɓi shugaban ƙasa daga wannan jam'iyya, gwamna ko sanata daga waccan. Kishiyarsa ita ce sak, wato a bi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, kalmar da aka fi dangantawa da yaƙin neman zaɓen Buhari tun wajajen 2003. Duka ukun sun haɗu a 2015.

Asali

Tushen rikicin yana komawa ga tsarin karɓa-karɓa na PDP, wanda ba ya cikin kundin tsarin mulkin ƙasa amma jam'iyyar ta riƙe shi a matsayin fahimtar juna tsakanin kudu da arewa. Olusegun Obasanjo ya yi shekara takwas daga 1999, sai mulki ya dawo arewa a hannun Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007. Da Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Mayu 2010, mataimakinsa Jonathan ya gaje shi. Da yawa daga 'yan PDP na arewa sun ɗauka zai ƙarasa wa'adin ne kawai ya sauka. Bai yi haka ba. Ya tsaya takara, ya kayar da Atiku Abubakar a zaɓen fid da gwani na Janairun 2011 da taimakon mafi yawan gwamnonin arewa.

Zaɓen 2011 ya nuna cewa wake da shinkafa ya riga ya zauna daram a arewa. Buhari, a ƙarƙashin jam'iyyar CPC, ya ci jihohi 12 na arewa da ƙuri'a kimanin miliyan 12.2, Jonathan kuma ya ci zaɓen da kusan miliyan 22.5. Amma kwanaki kaɗan bayan haka, mutanen Kano da suka zaɓi Buhari suka zaɓi Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP gwamna. Haka aka yi a Katsina da Ibrahim Shema, a Jigawa da Sule Lamido, a Bauchi da Isa Yuguda, a Neja da Mu'azu Babangida Aliyu. CPC ta tashi da gwamna ɗaya tak, Umaru Tanko Al-Makura na Nasarawa, a jihar da Buhari ma bai ci ba. Duk da haka gwamnonin PDP sun iya kawo wa Jonathan ƙuri'u masu kauri a wannan shekarar, sama da dubu 400 a kowace ɗaya daga Kano da Katsina da Jigawa, da fiye da miliyan ɗaya a Kaduna. Waɗannan ƙuri'un ne suka zube bayan shekara huɗu. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800, ya bar tsoro a zukatan 'yan PDP da ke zaune cikin jama'a a arewa.

Akwai maganar cewa Jonathan ya yi wa gwamnonin alkawarin wa'adi ɗaya. Babangida Aliyu ya faɗi haka a fili a 2013; ɓangaren Jonathan ya musanta.

Rabuwar jam'iyya, 2013 zuwa 2014

Ɓarakar ta fito fili a zaɓen shugaban ƙungiyar gwamnoni na Mayun 2013. Rotimi Amaechi na Ribas ya samu ƙuri'a 19, Jonah Jang na Filato ya samu 16, amma fadar shugaban ƙasa ta karɓi Jang a matsayin shugaba. Daga nan ƙungiyar ta rabu gida biyu.

Ranar 31 ga Agusta 2013, ana tsakiyar babban taron PDP a dandalin Eagle Square da ke Abuja, Atiku da wasu gwamnoni tare da mutanensu suka bar taron, suka sanar da kafa Sabuwar PDP a ƙarƙashin Abubakar Kawu Baraje da goyon bayan gwamnoni bakwai. Gwamnonin su ne Amaechi, Kwankwaso, Aliyu Magatakarda Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara, Sule Lamido da Babangida Aliyu. Daga cikin buƙatunsu akwai sauke shugaban jam'iyya Bamanga Tukur, da mayar musu da ikon jam'iyya a jihohinsu. Wata ɗaya kafin nan hukumar zaɓe ta riga ta yi wa APC rajista, haɗakar jam'iyyun adawa na ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, don haka masu fushi sun samu inda za su dosa.

Ranar 26 ga Nuwamba 2013 gwamnoni biyar suka shiga APC. Lamido da Babangida Aliyu suka tsaya. Lamido na cikin waɗanda suka kafa PDP, kuma ya sha cewa ba zai bar gidan da ya gina ba. A Disamba 'yan majalisar wakilai 37 suka bi sahu, a Janairun 2014 sanatoci 11, ciki har da Bukola Saraki, suka miƙa takardar ficewarsu. Tukur ya sauka a wannan watan, aka naɗa Ahmadu Adamu Mu'azu, tsohon gwamnan Bauchi, don ya ɗinke ɓarakar, amma ƙyallen ya riga ya yage da yawa. Atiku ya koma APC a Fabrairu, kakakin majalisar wakilai Aminu Waziri Tambuwal ya bi a ƙarshen Oktoba.

Ruwan bai kwarara gefe ɗaya kawai ba. Ibrahim Shekarau da Attahiru Bafarawa, tsofaffin gwamnonin Kano da Sakkwato, da suka ga an miƙa APC a jihohinsu ga gwamnonin da suka shigo, sun koma PDP, haka ma Nuhu Ribaɗu daga baya. Sai dai ba a ga sun ja ƙuri'un shugaban ƙasa masu yawa tare da su ba.

A zaɓen fid da gwani na APC da aka yi a Legas cikin Disambar 2014, na biyu da na uku bayan Buhari, wato Kwankwaso da Atiku, dukansu daga PDP suka fito. Amaechi ne ya jagoranci yaƙin neman zaɓen. Abin da Buhari ya rasa a takararsa uku na baya, gwamnoni da kuɗi da wakilai a kowace rumfa, kaso mai yawa daga PDP ya zo masa.

Obasanjo

Tsohon shugaban ya rubuta wa Jonathan doguwar buɗaɗɗiyar wasiƙa a Disambar 2013 yana sukar mulkinsa. Ranar 16 ga Fabrairu 2015, a gidansa da ke Abeokuta, shugabannin mazaɓarsa suka kai masa ziyara. A gaban 'yan jarida ya miƙa katinsa na PDP ga shugaban mazaɓar, shi kuma ya kekketa shi. Obasanjo bai shiga APC ba.

Abin da ya motsa talakawa

Rikicin manya ba shi kaɗai zai juya ƙuri'ar mai shago ko manomi ba. A arewa babban dalili shi ne Boko Haram. An sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014. A ƙarshen Oktoban shekarar Mubi ta faɗa hannun maharan, a ranar 28 ga Nuwamba kuma aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano ana shirin sallah. Garuruwa irin su Maiduguri da Yola sun cika da 'yan gudun hijira. Mutumin da ya binne ɗan'uwansa a wannan shekarar ba zai saurari maganar biyayya ga jam'iyya ba.

Akwai kuma cire tallafin man fetur na ranar 1 ga Janairu 2012, da ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa kusan 141 kafin zanga-zanga ta sa a dawo da ita 97. Akwai dakatar da gwamnan babban banki Sanusi Lamido Sanusi a Fabrairun 2014, bayan ya ce dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun gwamnati ba. Masu goyon bayan Jonathan kuwa na ganin addini da ɓangaranci ne suka fi tasiri a arewa, ba aikin gwamnati ba, suna nuni da jami'o'in tarayya da makarantun almajirai da ya gina a yankin.

'Yan takarar PDP a arewa sun shiga tsaka mai wuya. An jefi ayarin Jonathan a Katsina da Bauchi a Janairun 2015. A garuruwa da yawa an ga fastocin 'yan takarar PDP babu hoton shugaban ƙasa, kuma an riƙa raɗe-raɗin cewa wasunsu na roƙon jama'a su zaɓi Buhari a sama, su a ƙasa. APC ta amsa da kiran sak.

Ranar zaɓe

An tsara zaɓen ne ranar 14 ga Fabrairu, sai shugaban hukumar zaɓe Farfesa Attahiru Jega ya sanar da ɗage shi da mako shida bisa shawarar hukumomin tsaro. A karon farko aka yi amfani da na'urar tantance katin zaɓe a duk faɗin ƙasa. Da safe ake tantancewa, da rana a dawo a jefa ƙuri'a, don haka mutane suka wuni a rumfa. Kowa ana ba shi takarda uku, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, kuma babu sunan ɗan takara a kai sai tambarin jam'iyya. Mai son wake da shinkafa sai ya nemo tsintsiya a takarda ɗaya, ya nemo lema a ɗayar, ya dangwala, ya naɗe, ya jefa kowacce a akwatinta. Babu wanda zai san abin da ya yi. Da yamma jami'in zaɓe ke ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi tare da shi, a wasu wurare har cikin dare da hasken tocila da na wayoyi, bisa taken a kasa, a tsare, a raka.

Ranar 31 ga Maris, tun kafin a kammala sanar da sakamako, Jonathan ya kira Buhari a waya ya taya shi murna.

Sakamako

Buhari ya ci jihohi 21, Jonathan ya ci 15 da Abuja. Daga cikin jihohin Buhari, 11 gwamnonin PDP ne ke mulkinsu a ranar zaɓe: Katsina, Jigawa, Kaduna, Bauchi, Gombe, Kebbi, Neja, Adamawa, Binuwai, Kogi da Ondo. A Kano Buhari ya samu 1,903,999, Jonathan 215,779. A Katsina ƙuri'ar Jonathan ba ta kai dubu 100 ba. A Jigawa ta faɗo zuwa 142,904, a Kaduna kuma, jihar mataimakinsa Namadi Sambo, zuwa 484,085. An ruwaito cewa Sambo bai kawo akwatin rumfarsa ba. Jihohin da suka sauya gaba ɗaya daga Jonathan zuwa Buhari sun haɗa da Adamawa, Binuwai, Kogi, Kwara, Legas, Ogun, Oyo da Ondo. A Binuwai, inda Kiristoci suka fi yawa, Buhari ya yi nasara da 373,961 a kan 303,737, abin da ya sa ba a iya fassara zaɓen da addini kaɗai.

Guguwar ta tafi da manyan PDP da dama a wannan rana. Babangida Aliyu da Isa Yuguda da Gabriel Suswam na Binuwai sun faɗi takarar sanata, haka ma tsohon gwamnan Kaduna Ahmed Makarfi. A zaɓen gwamnoni na 11 ga Afrilu PDP ta rasa Kaduna, Katsina, Jigawa, Bauchi, Kebbi, Neja, Adamawa, Binuwai da Filato. Gombe ta fita daban: ta bai wa Buhari 361,245, Jonathan 96,873, sannan bayan mako biyu ta mayar da Ibrahim Hassan Dankwambo na PDP kujerarsa. Filato ta yi akasin haka, ta zaɓi Jonathan a Maris, ta zaɓi Simon Lalong na APC a Afrilu.

Ba a iya ƙididdige ƙuri'un da suka tsallaka daidai. Jonathan ya rasa kimanin miliyan 9.6 idan aka kwatanta da 2011, amma Buhari miliyan 3.2 kawai ya ƙara. Babban ɓangaren giɓin ya fito ne daga raguwar ƙuri'u a kudu maso gabas da kudu maso kudu. A Abia da Imo, inda Jonathan ya samu fiye da miliyan ɗaya a kowacce a 2011, bai kai rabin haka ba a 2015. Wasu na danganta wannan da na'urar tantancewa, wasu da sanyin gwiwar masu zaɓe.

Zargin cin amana

Bayan zaɓe an zargi Adamu Mu'azu da wasu gwamnonin arewa da zagon ƙasa. Mu'azu ya musanta, ya kuma ajiye muƙaminsa a Mayun 2015. Shekaru bayan haka Babangida Aliyu ya ce gwamnonin PDP na arewa sun yi aiki a kan faɗuwar Jonathan saboda saɓa alkawari. Sule Lamido ya ce ba da shi ba.

Bayan 2015

Atiku ya koma PDP a ƙarshen 2017, Saraki da Kwankwaso da Tambuwal kuma a tsakiyar 2018. A zaɓen 2023 gwamnonin PDP biyar ƙarƙashin Nyesom Wike sun ƙi mara wa Atiku baya ba tare da sun bar jam'iyyar ba.