Sakamakon gwajin bakin mahaifa da ya nuna canji, da jinyar da ke biyo baya

Idan aka ce gwajin bakin mahaifa ya nuna canji, ana nufin an gano ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai mace tana ɗauke da nau'in ƙwayar cutar HPV mai haɗari, ko kuma ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a fatar bakin mahaifarta sun fara sauya kama. A mafi yawan lokuta wannan ba sankara ba ce. Mataki ne da ke riga sankara zuwa da shekaru masu yawa, kuma don a tarar da shi da wuri aka ƙirƙiro gwajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa, kusan 350,000 kuma suka rasu, akasarinsu a ƙasashen da gwaji da jinya a kan lokaci ba su wadata ba.

Tushen canjin

Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga HPV take tasowa. Masanin nan na Jamus, Harald zur Hausen, shi ne ya tabbatar da wannan alaƙa, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar tana da ire-ire da yawa, amma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai, har yawancin manya, maza da mata, sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba. A cikin mutum 10 da suka ɗauka, garkuwar jiki takan kawar da ita a kusan 9 cikin shekara biyu.

Matsala tana tasowa ne idan ƙwayar ta ƙi fita. A hankali sai ta riƙa gurɓata ƙwayoyin halittar da ke daidai mahaɗar fatar waje da fatar cikin bakin mahaifa. Daga wannan canji zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga macen da garkuwar jikinta ta yi rauni, musamman mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau 6. Shan taba ma yana hana jiki kawar da ƙwayar.

Abin da takardar asibiti ke faɗa

Gwaji iri uku ne aka fi yi. Mafi daɗewa shi ne na Pap, wanda ya ci sunan likitan Girka George Papanicolaou: a goge ɗan samfuri daga bakin mahaifa a duba shi a ƙarƙashin madubin likita. Na biyu shi ne gwajin HPV, wanda ke neman ƙwayar ita kanta. Tun 2021 shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita, kuma mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta. Na uku, wanda aka fi yi a ƙananan asibitocin Afirka, shi ne dubawa da ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar. Ma'aikaciyar lafiya takan shafa ruwan a bakin mahaifa da auduga, ta dakata minti ɗaya, sannan ta haska fitila. Wurin da ya canja yakan yi fari fat, da iyaka bayyananniya, a tsakiyar jan naman da ke kewaye da shi.

Takardar gwajin Pap takan zo da haruffan da ke tsorata mai karantawa. ASC-US na nufin ɗan canjin da ba a tantance ma'anarsa ba, LSIL canji ne mara zurfi, HSIL kuwa canji ne mai zurfi da ke buƙatar bincike nan kusa. Idan aka gutsuri ɗan nama aka auna, sai a yi amfani da wani ma'auni daban, wato CIN 1, CIN 2 da CIN 3, gwargwadon yadda canjin ya ci kaurin fatar. Waɗannan lambobi ba matakan sankara ba ne, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. CIN 1 yakan warke da kansa a mafi yawan mata, don haka sa ido kawai ake yi masa. CIN 2 na iya komawa baya, musamman ga mata masu ƙarancin shekaru. CIN 3 ba a barinsa.

Dalilin da ya sa ba a barinsa an san shi ne ta hanya mai ɗaci. Tun daga 1966, a wani asibitin mata da ke birnin Auckland na ƙasar New Zealand, likita Herbert Green ya bar mata masu irin wannan canji ba tare da cikakkiyar jinya ba, kuma ba da saninsu ba, don yana ganin ba zai zama sankara ba. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1987. Da aka bi bayanan matan daga baya, sai aka tarar kusan 3 cikin 10 na waɗanda aka bari sun kamu da sankara cikin shekara 30, alhali a cikin waɗanda aka yi wa jinya yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 100 ba.

Binciken da ke biyo baya

Inda akwai kayan aiki, akan tura mace a yi mata kolposkofi. Na'ura ce mai madubin ƙara girma da fitila, wadda ke tsayawa a waje, ba ta shiga jiki. Ana buɗe gaba da abin buɗewa kamar a gwajin farko, a shafa ruwan khal, wani lokaci har da ruwan aidin, a duba da kyau. Idan aka ga wurin da ake tuhuma sai a gutsuri nama ɗan ƙil a kai ɗakin gwaji. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 20, ana jin ɗan tsunguli da murɗar mara, a tafi gida a ranar.

A wuraren da asibiti ke da nisa kuma kuɗin mota kan hana dawowa, an amince a yi gwaji da jinya a zama ɗaya. Gaskiya ne ta haka za a yi wa wasu matan jinyar da da an jira ba za su buƙace ta ba, amma wannan ya fi sauƙi a kan a sallami mace da canji a jikinta ba a sake ganinta ba.

Hanyoyin jinya

Jinyar ko dai ta lalata wurin da ya canja, ko ta yanke shi. A wajen lalatawa akwai ƙonawa da zafi, inda ake ɗora kan wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 a wurin na daƙiƙa 20 zuwa 30. Na'urar ƙarama ce, wasu da batir suke aiki, shi ya sa ta dace da asibitin karkara. Akwai kuma daskarewa da iskar gas mai tsananin sanyi. Ana zaɓar waɗannan ne idan ana ganin wurin gaba ɗaya, bai kutsa cikin ramin bakin mahaifa ba, kuma babu alamar sankara.

In ba haka ba sai yankewa. An fi amfani da wata siririyar waya mai lanƙwasa da lantarki ke ratsawa, aikin da ake kira LEEP ko LLETZ. Ana yin allurar kashe zafi a bakin mahaifa, a ɗebe wurin cikin 'yan mintuna, a aika naman a tabbatar ba a bar saura ba. Ba a cire mahaifa. Kusan mata 9 cikin 10 jinya ɗaya takan ishe su.

Makonnin da ke biye

Fitar ruwa-ruwa, wani lokaci gauraye da ɗan jini, yakan ci gaba har zuwa mako huɗu, kuma alama ce ta warkewa. A tsawon wannan lokaci ana son a dakatar da saduwa, kada kuma a cusa komai a gaba, har da matsi da sauran kayan mata da magungunan gargajiya, domin rauni ne ɗanye da ƙazanta za ta iya shiga. Jinin da ake gani na rauni ne, ba na haila ba, don haka mai neman hukuncin salla da azumi sai ta bayyana wa malami hakan. Abubuwan da ba a jira da su su ne zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani, da zubar jinin da ya zarce na al'ada. Kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti a ranar.

Wannan jinya ba ta hana ɗaukar ciki. Sai dai idan yankan ya yi zurfi, ko an maimaita shi, haɗarin haihuwar bakwaini yakan ɗan ƙaru, don haka ya kamata a faɗa wa ma'aikatan awo da zarar an fara zuwa. Mai ciki kuwa ana iya yi mata kolposkofi ba tare da cutar da ɗan tayi ba, amma jinyar akan jinkirta ta har bayan haihuwa matuƙar ba a zargin sankara.

Damuwa da zaman aure

Yawancin mata ba su jin ciwon komai lokacin da aka ba su sakamakon, shi ya sa labarin ke zuwa musu bagatatan. Rashin barci, kuka, da tunanin makomar yara duk abubuwa ne da aka saba gani, kuma sukan lafa idan aka yi wa mace bayani dalla-dalla. Yana da amfani ta je da wata 'yar'uwa da ta amince da ita, ta kuma nemi a faɗa mata abu uku a fili: wane mataki aka gani, me za a yi, yaushe za ta dawo.

Abin da ya fi nauyi sau da yawa shi ne zargi. Da an ji cewa ta hanyar saduwa ake ɗauka, sai miji ya fara tuhumar mata, ko mata ta tuhumi miji. Wannan tuhuma ba ta da madogara a likitance. HPV na iya kwanciya shiru a jiki shekaru masu yawa kafin ta bayyana, babu gwajin da ke nuna yaushe aka ɗauka ko daga wa, kuma macen da ba ta taɓa sanin namiji ba sai mijinta tana iya ɗauka. Zalunci ne a mayar da takardar asibiti shaidar cin amana. Ya fi kyau a yi wa miji bayani a gaban ma'aikacin lafiya, domin haƙurin mako huɗu sai da fahimtarsa. A gidan da akwai abokan zama, daidai ne su ma su je gwaji, ba don an ɗora wa wata laifi ba.

Komawa bayan jinya

Jinya tana cire wurin da ya canja, amma ba lallai ta kawar da ƙwayar gaba ɗaya ba, kuma canjin kan iya dawowa ba tare da wata alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sake gwaji bayan wata 12. A Ingila bayan wata 6 ake yi. Wadda aka samu da HPV amma ba a ga canji ba, ita ma akan sa mata ranar dawowa, shekara ɗaya ko biyu. Ga sauran mata, shawarar ita ce a fara gwajin HPV daga shekara 30, a maimaita duk shekara 5 zuwa 10. Masu ɗauke da HIV kuwa daga shekara 25, duk shekara 3 zuwa 5.

Allurar rigakafin HPV ba ta warkar da canjin da ya riga ya faru, amma tana kare wadda ba ta ɗauka ba tukuna. A Najeriya, inda wannan sankara ke biye wa ta mama wajen yawa a tsakanin mata, an shigar da allurar cikin jerin rigakafin ƙasa a watan Oktoba na 2023, ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta, allura ɗaya.